Tafiya 12, Hafsoshi 450: Rigimar Kuɗin Mota a Rundunar Sojan Amurka

Ranar 26 ga Maris 2024, mataimakiyar kakakin Ma'aikatar Tsaron Amurka, Sabrina Singh, ta tsaya gaban 'yan jarida a Fentagon, hedikwatar ma'aikatar, ta karanto wani lissafi da aka daɗe ana jira. Daga Yuni zuwa Disamba 2023, in ji ta, sau 12 aka biya wa sojoji ko iyalansu kuɗin tafiya wata jiha don neman kulawar da ta shafi ciki da haihuwa wadda asibitin soja ba ya yi. Abin da aka kashe gaba ɗaya dala 44,791 ne da 'yan canji. Ma'aikatar da ke wannan bayani kasafinta na shekara ya haura dala biliyan 800. Kuma ba ma mutum 12 ake nufi ba, tafiya 12 ce, don mace ɗaya tana iya zuwa sau biyu ko uku. Ba kuma dukansu ne lallai na zubar da ciki ba, tunda tsarin ya haɗa har da masu neman haihuwa ta hanyar dashen IVF, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyi a asibiti a dasa mata.

A kan wannan ɗan kuɗi ne sanata guda ya riƙe ƙarin girman manyan hafsoshi kusan 450 har wata goma, rundunoni uku suka zauna babu tabbataccen shugaba.

Tushen maganar yana ranar 24 ga Yuni 2022, ranar da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Dobbs, ta rushe hukuncin Roe na 1973 da ya ba mata 'yancin zubar da ciki a duk ƙasar. Kotun ba ta haramta zubar da ciki a faɗin ƙasar ba. Cewa ta yi tsarin mulki bai ba da wannan 'yanci ba, don haka kowace jiha ta yanke wa kanta. Cikin 'yan watanni jihohi fiye da goma suka hana shi kusan kwata-kwata, irin su Teksas, Alabama, Luwiziyana, Misisipi, Kentaki, Tenesi da Oklahoma. Wanda ya san taswirar barikokin Amurka zai gane inda matsalar take, domin da yawa daga cikin manyan barikokin a kudu suke, a waɗannan jihohi. Cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta a shekarar cewa kusan kashi 40 cikin 100 na sojoji mata da ke aiki a cikin ƙasar, wajen mata 80,000, suna jihohin da aka hana ko aka tsananta.

Farar hula in dokar jiha ba ta yi masa ba, yana iya tattara komatsansa ya koma wata. Soja kuwa, a Jaji yake ko a Teksas, ba shi ke zaɓar barikinsa ba. Inda takarda ta ce, nan zai kwana.

Akwai kuma wata tsohuwar doka da ta riga Dobbs da shekaru. Tun 1976, gyaran da ɗan majalisa Henry Hyde ya kawo ya hana a taɓa kuɗin gwamnatin tarayya wajen zubar da ciki, sai a 'yan yanayi ƙalilan. Ma'aikatar Tsaro tana da nata sashen na musamman a kundin dokokin soja, sashe na 1093, wanda ya hana ta amfani da kuɗinta ko asibitocinta wajen yin aikin, sai idan ran uwa na cikin haɗari, ko cikin na fyaɗe ne, ko na muharrami. Shi ya sa tsakanin 2016 da 2021, sau 91 kacal aka yi aikin a asibitocin soja. Sauran duk a gari ake yi, mace ta biya daga aljihunta. Wato tun kafin hukuncin kotun gwamnati ba ta biya. Abin da hukuncin ya canja shi ne nisa.

A ɗauki ƙaramar soja a barikin Fort Hood da ke gefen garin Killeen a tsakiyar Teksas, shekararta ɗaya ko biyu da shiga aiki, albashinta na asali a 2023 bai kai dala 2,500 a wata ba. A da, asibitin da take nema yana birnin Austin, tafiyar awa guda da 'yan mintuna, ta je ranar Asabar ta dawo ba wanda ya sani. Yanzu sai ta nufi Kansas ko New Mexico, tafiyar yini guda a mota zuwa kawai. Ga mai, ga ɗakin kwana, ga abinci, ga kuɗin aikin kansa na ɗaruruwan daloli. Kafin duk wannan sai ta cike takardar hutu ta kai wa na gaba da ita, kuma shi yana da ikon cewa a'a, akwai atisaye a makon. Idan ya tambaye ta ina za ta har kwana huɗu, ko ta faɗi gaskiya ko ta shirya ƙarya. Wadda suka fito horo tare da aka tura Kalifoniya ba ta san da wannan wahala ba, alhali kaki ɗaya suke sawa.

Wannan bambanci ne Sakataren Tsaro Lloyd Austin ya kafa hujja da shi a takardar da ya fitar ranar 20 ga Oktoba 2022. Bai kawo maganar 'yancin mata a gaba ba. Da harshen soja ya yi magana: shirin yaƙi, ɗaukar sababbin kurata, da riƙe waɗanda aka riga aka horar, a rundunar da mata suka kai kusan kashi 17 cikin 100. Cikakkun ƙa'idojin sun fito ranar 16 ga Fabrairu 2023, suka fara aiki a Maris. Soja tana iya jinkirta sanar da kwamanda cewa tana da ciki har mako 20. Ana iya ba ta hutu na musamman har kwana 21 ba tare da an cire daga hutunta na shekara ba, ko a ba mijin ya raka matarsa. Sai kuma na ukun, wanda ya tayar da ƙura: ma'aikata za ta biya kuɗin mota ko jirgi da masauki da alawus na abinci idan kulawar ba ta samuwa a kusa. Kuɗin aikin kansa yana nan a wuyan mai shi.

To a nan gizo ke saƙa. Doka ta ce kada a kashe kuɗin ma'aikata wajen yin zubar da ciki. Shin wanda ya biya kuɗin mota ya yi, ko bai yi ba?

Kafin Austin ya sa hannu, an nemi fatawar ofishin lauyoyi na Ma'aikatar Shari'a, wanda ke fassara wa ɓangaren zartarwa doka. A ranar 3 ga Oktoba 2022 ofishin ya ce bai yi ba. Hujjarsa ita ce kalmar da majalisa ta zaɓa tana nufin aikin da likita ke yi da hannunsa, kuma in da majalisa na son hana kuɗin hanya da ta faɗa, tunda ta san yadda ake rubuta hani mai faɗi. Ofishin ya kuma jawo wata tsohuwar fatawarsa ta 1981, zamanin Ronald Reagan, wadda ta ce hukumar 'yan sa-kai ta Peace Corps tana iya biya wa ma'aikatanta mata kuɗin tafiya duk da irin wannan hani. Ta fuskar lafazin doka, maganar tana da ƙafa.

Ta fuskar hankalin mutumin da ke kan titi kuwa, ban ga laifin wanda bai gamsu ba. A tarbiyyar da yawancinmu muka taso a kai, wanda ya riƙe ƙafar akuya ba ya cewa ba ruwansa da yanka. Miliyoyin Amurkawa masu adawa da zubar da ciki, Katolika da 'yan cocin bishara da wasunsu, haka suka kalli abin: kuɗin harajinsu ne ke kai mace ƙofar asibitin, sai a ce musu ai a bakin ƙofa aka tsaya. Masu goyon bayan tsarin su ma suna da tasu amsa mai nauyi. Gwamnati ce ta kai matar Teksas ba da son ranta ba, don haka abin da ake biya kuɗin dawo da ita ne inda takwararta ta Kalifoniya take, kamar yadda ake biya wa soja kuɗin tafiya idan likitan da yake buƙata ba ya garin. Ko ɗaya cikin biyun ba maganar banza ba ce, kuma irin wannan saɓani majalisa aka yi dominsa.

Sai dai majalisar ta kasu. A lokacin Rifablikan ke riƙe da ta wakilai da ɗan ƙaramin rinjaye, Dimokurat ke riƙe da ta dattawa da rinjaye mafi ƙanƙanta.

A nan Tommy Tuberville ya shigo. Sanata ne ɗan Rifablikan daga Alabama, an zaɓe shi a 2020, kuma kafin siyasa kocin ƙwallon Amurka ne a jami'ar Auburn, sunan da ya yi a can ne ma ya kai shi majalisa. Tun Disamba 2022 ya yi hannunka-mai-sanda cewa idan aka aiwatar da tsarin zai tare ƙarin girman manyan hafsoshi. Da ƙa'idojin suka fito a Fabrairu, ya cika alkawari.

Yadda mutum ɗaya ke iya yin haka yana buƙatar bayani. A Amurka duk hafsan da zai zama janar ko admiral, ko zai ƙara tauraro, sai Majalisar Dattawa ta tabbatar da shi. Da yake sunayen ɗaruruwa ne a shekara kuma ba siyasa a cikinsu, al'ada ita ce a haɗa su dami guda, shugaban zama ya tambaya ko akwai mai ja, a yi shiru, a buga guduma. Minti biyu an gama. Amma in sanata ɗaya ya miƙe ya ce yana ja, damin ya kwance, sai an bi suna ɗaya-ɗaya, kowane da ƙuri'ar rufe muhawara da sa'o'in jira da ƙuri'ar ƙarshe. Ofishin bincike na majalisar ya lissafa a watan Agusta cewa sunaye 273 da suka taru lokacin za su ci kusan awa 700. Wato majalisa ta ajiye kasafi, ta ajiye alƙalai da jakadu, ta zauna wata da watanni tana kiran sunan janar-janar.

Shugaban masu rinjaye na lokacin, Chuck Schumer, ya ƙi bin wannan hanya, yana cewa in aka yi sau ɗaya kowane sanata mai ƙorafi ya samu makami. Tuberville kuma ya kafe cewa shi bai hana kowa komai ba, ga hanya nan a buɗe, a zo a kaɗa ƙuri'a. Kowannensu yana da rabin gaskiya, hafsoshin kuma suna tsakiya.

Akwai wani lungu a maganar da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tuberville yana cewa abin da yake so shi ne majalisa ta yanke, ba ma'aikata da takarda ba. Amma sharaɗinsa shi ne a fara janye tsarin, sannan masu son sa su kawo ƙudiri su nemi ƙuri'a. Dimokurat kuwa suna cewa tsarin ya zauna, masu son soke shi su kawo nasu ƙudirin. Tunda a Majalisar Dattawa kusan komai sai da ƙuri'a 60 cikin 100, kuma ba ɓangaren da ke da su, duk wanda aka ɗora wa nauyin nemowa ya faɗi tun kafin a fara. Ainihin ja-in-jar ke nan: wa zai ɗauki kayan. A Majalisar Wakilai an gwada. Ranar 13 ga Yuli 2023 gyaran da Ronny Jackson na Teksas ya kawo don soke tsarin ya wuce da ƙuri'a 221 da 213, aka liƙa shi a jikin dokar tsaro ta shekara. Da aka zo daidaitawa da dattawa a Disamba, aka cire shi.

Kafin nan abin ya fara ciwo. Ranar 10 ga Yuli Janar David Berger ya ajiye shugabancin rundunar Marin, sojojin nan da ke yaƙi a ruwa da tudu, ba a tabbatar da magajinsa ba. Rabon da rundunar ta zauna haka ya fi shekara ɗari. Farkon Agusta shugaban sojan ƙasa Janar James McConville ya yi ritaya, bayan kwana goma na sojan ruwa Admiral Mike Gilday ya bi shi. A wani zaure na Fentagon akwai bango da ake jera hotunan manyan hafsoshin ƙasar. A lokacin, duk wanda ya wuce zai ga firam uku a rataye babu hoto a ciki.

Wannan shi ne abin da kyamara ta ɗauka. Wanda ba ta ɗauka ba ya fi yawa. Kanar da aka zaɓa ya zama birgediya yana aikin birgediya da albashin kanar. Iyalin da suka riga suka ɗaure kaya don komawa sabon bariki suna zaune a gidan wucin gadi, ba su san makarantar da za su sa yara ba ga zangon karatu ya kama. Wanda ya kamata ya yi ritaya an roƙe shi ya dakata, na ƙasa da shi kuma ba kujerar da zai hau. Ba ɗaya daga cikinsu da ya rubuta takardar Austin, kuma ba wanda ke da ikon soke ta. A ganina nan ne Tuberville ya zubar da hujjarsa. Tambayar da ya yi tambaya ce ta gaske, amma wanda ya kama ya shaƙe ba shi ne mai amsar ba. Ko shugaban jam'iyyarsa a majalisar na lokacin, Mitch McConnell, wanda ba ya ƙaunar tsarin ko kaɗan, ya fito fili ya ce ba ya goyon bayan wannan hanya.

A Satumba Schumer ya ɗan sassauta, aka bi doguwar hanyar aka tabbatar da mutum uku: Janar Charles Q. Brown a matsayin babban hafsan hafsoshi, Janar Randy George na sojan ƙasa, da Janar Eric Smith na Marin. Smith ya ci gaba da riƙe kujera biyu don ba a tabbatar masa da mataimaki ba. Ranar 29 ga Oktoba zuciyarsa ta tsaya yana gudun motsa jiki a Washinton, da ƙyar aka ceto shi. 'Yan siyasa sun yi caa suna ɗora wa Tuberville, amma adalci shi ne a faɗi cewa daga baya an danganta abin da wata tawaya a zuciyarsa da aka haife shi da ita. Abin da ba a musu a kai shi ne rundunar ta wayi gari ba shugaba ba mataimaki. Wannan kuma makonni uku ne bayan harin 7 ga Oktoba da ɓarkewar yaƙin Gaza, a lokacin da kwamandan rundunar ruwa ta biyar da ke Bahrain da mataimakin kwamandan yankin Gabas ta Tsakiya duk suna cikin sunayen da aka riƙe.

Daren 1 ga Nuwamba haƙurin 'yan jam'iyyarsa ya ƙare. Dan Sullivan na Alaska, wanda shi kansa a lokacin kanar ne a rundunar Marin ta ko-ta-kwana, da Joni Ernst ta Iowa, tsohuwar hafsa da ta yi aiki a yaƙin Iraƙi, tare da Lindsey Graham da Mitt Romney da Todd Young, suka tsaya a zauren majalisa fiye da awa huɗu. Sai ɗaya ya ɗauko suna, ya karanta tarihin mai shi, inda ya yi yaƙi, lambobin da ya samu, shekarun da ya yi a kaki, sannan ya nemi a amince. Daga kujerarsa Tuberville ya miƙe ya ce yana ja, ya zauna. A ɗauko na gaba. Haka aka yi har suna 61. Ernst fa ita ce ta kawo ƙudirin soke tsarin a majalisar, don haka ba a kan zubar da ciki suka saɓa da shi ba.

Daga nan abin ya gangara da sauri. Ranar 14 ga Nuwamba kwamitin ƙa'idojin majalisa ya amince, da ƙuri'a 9 da 7, da wani shiri na wucin gadi da zai ba da damar wuce sunayen a dunƙule ko da mai ja. Da ya ga alamar wasu 'yan jam'iyyarsa za su iya mara wa shirin baya a zaure, Tuberville ya saki ranar 5 ga Disamba. A yinin aka tabbatar da 425. Sauran 11 masu tauraro huɗu suka wuce ranar 19 ga watan. Tsarin Austin ko waƙafi ba a canja masa ba, kuma shi kansa sanatan ya amsa cewa bai samu abin da ya fita nema ba.

Sai ga lissafin Maris ya fito: tafiya 12. Masu adawa sun yi ta hasashen dubbai a shekara, masu goyon baya sun yi ta cewa ƙarfin runduna ya rataya a kansa. Lambar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ni dai ban ɗauka tana nufin ba masu buƙata ba. Kuɗin gwamnati ba ya fita sai da takarda, takarda kuma sai ta bi ta teburin kwamanda da na mai biyan kuɗi, a barikin da kowa ya san kowa. Mace mai son rufin asiri za ta gwammace ta ci bashi, ta ce za ta gaida mahaifiyarta, ta ɗauki hutunta na yau da kullum. Balle ga sunan tsarin kullum a talabijin, ana zagin juna a kansa. Taimakon da sai an tona kai kafin a karɓa, masu karɓarsa kaɗan ne a ko'ina.

Abin da wata goma na turjiya bai yi ba, zaɓe ya yi shi a mako guda. Ranar 24 ga Janairu 2025, kwana huɗu da rantsar da shi, Donald Trump ya sa hannu a umarnin tabbatar da dokar Hyde a duk ma'aikatun tarayya. A ranar ce kuma ya dawo da ƙa'idar nan ta Mexico City, wadda ke yanke tallafin lafiya na Amurka ga ƙungiyoyin waje da ke yi ko tallata zubar da ciki, ƙa'idar da ƙungiyoyin lafiya a Afirka sun saba ganin tana tafiya tana dawowa da canjin gwamnati tun 1984. Kafin watan ya ƙare, ofishin da ke kula da tafiye-tafiyen ma'aikata a Fentagon, ƙarƙashin sabon sakatare Pete Hegseth, ya goge sashen daga kundin ƙa'idojin tafiya. Ba muhawara, ba ƙuri'a 60. Takarda ce ta kawo shi, takarda ta ɗauke shi, majalisar da kowa ke cewa ita ya kamata ta yanke kuma har yau ba ta rubuta ko kalma ɗaya a kan kuɗin mota a sashe na 1093 ba.

Garin gaggawa gogewar ta haɗa har da masu tafiya neman haihuwa, tunda sashe ɗaya ne ya ƙunshi duka biyun. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta sake fitar da wata takarda tana bayanin cewa masu zuwa dashen IVF za a ci gaba da biya musu. Ranar 21 ga Fabrairu aka sallami Janar Brown daga kujerarsa, tare da Admiral Lisa Franchetti, mace ta farko da ta shugabanci sojan ruwan Amurka, wadda ita ma ta yi wata biyu da rabi tana riƙon ƙwarya kafin a tabbatar da ita a Nuwamba 2023. Tuberville kuwa a watan Mayu ya ayyana takarar gwamnan Alabama.